Langar Barira

Ran Lahadi nake fita, tun rana ba ta yi baki ba,
in bi ta Ƙofar Wambai, in ratsa bayan 'yan robobi,
inda Nababa ke shimfiɗa buhu a ƙasa
ya zube abin da gidajen birni suka gaji da gani.

Murfin samira da ya rabu da uwarsa.
Fitilar ƙwai, babu ƙwan.
Ƙafar keken ɗinki, kan ya riga ya tafi Ƙofar Ruwa,
an ɗora shi a sikeli, an manta sunan telan.
Madubi mai tabo a gefe,
kamar idon da ya yi kuka ya bushe.

"Nawa?"
"Kawo abin da ya sawwaƙa, Malama."
Faɗa kawai yake, ya san kuɗinsa.
In taya, ya ce albarka, in juya,
sai na kai bakin kwata ya ƙwala mini kira.

Mai adaidaita ya dubi kayan, ya dube ni,
ya ce kuɗin mutum uku ne.
Na biya. Ai su ma sun taɓa zama 'yan gida.

A tsakar gidanmu na Gwammaja
toka ce da lemon tsami da soson ƙarfe.
Tsatsa na bin rariya ja wur kamar tofin goro,
farcena ya ƙare, bayana ya ƙage.
Haladu kafinta ya ɗora wa ƙafar keken
katakon wata taga da rusau ya bari.
Yanzu a kanta nake shan shayi,
in na taka, tana juyawa,
tana ta ɗinkin iska, ba ta san an sallame ta ba.

Labulen gwanjo na kai marina Ƙofar Mata,
ya kwana uku a baba,
ya dawo ya manta ƙasar da ta haife shi.

Sai langar nan.
Ɗari uku na saye ta, da fure ja a jiki,
gindi a huje, baki a ɓantare.
Na ɗauki ƙusa na ƙara mata huji,
ban ƙirga ba, har hannuna ya gaji,
na kife ta, na rataye, na sa mata ƙwan lantarki.
Daren da aka kawo wuta
rufin ɗakina ya cika da taurari.

Barira maƙwabciyata, wadda in na wuce da kaya
take cewa, "Ga 'yar jari-bola ta dawo,"
ta shigo aron rariya bayan magariba.
Ta tsaya a bakin ƙofa, sallamar ta maƙale.
"Wannan daga wane kanti? Ko tsarabar Dubai ce?"
Ta matso, ta yi ɗage,
sai ta ga ɗigo uku na jan farce a gefen gindin,
shaidar da ake yi don kada kwano ya ɓata gidan biki.

Shiru.

"Tawa ce," ta ce. "Ta jerena.
Bara na ba mai bola, ya ba ni bokitin roba."
Hasken na yawo a fuskarta ɗigo-ɗigo.
"Shekara ashirin da biyu ina zuba tuwo a cikinta,
ban taɓa sanin tana da haske ba."

Na ce bari in sauko miki da ita.
Ta ce a'a, bar ta inda aka san darajarta.
Ta fita, ko rariyar ba ta ɗauka ba.

Yau Lahadi. Ina ɗaura ɗankwali na ji bugun ƙofa.
Barira ce da mayafi,
da wata fanteka hujajjiya a hammata,
da ƙusa ɗaya a hannu.