Ƙidaya a Tafkin Kware

Na bar Sakkwato ana sallame Asuba,
babur yana tari, ni ma ina yi.
Littafin ƙidaya cikin aljihun rigar sanyi,
madubin hangen nesa rataye a wuya.
Kafin in kai Kware yatsuna sun daina jin magana.

Tafki bai farka ba.
Tururi na tashi a kansa
kamar an buɗe tukunyar koko.
Na tsuguna bayan kacalla, na haɗiye tarina,
ƙanshin albasa na zuwa daga fadama.

Kirinjijiya ce ta fara,
fito uku a jere, sirara,
sai 'yan'uwanta suka amsa daga tsallake.
Fuska fara, kamar yaran da suka yi wasa da gari.
Ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Ko sha uku, biyu sun shige ciyawa
ba su jira na gama ba.
Bara war haka ɗari huɗu na rubuta.

Dinya shida, masu tafiyar attajirai.
Zalɓe guda, tsaye tun ɗazu,
wuya a naɗe, bai bi kowa bashin magana ba.
Jinjimi na caccakar laka.
Zakaran ƙeƙuwa ya gan ni,
ya shiga yi wa duk tafkin shela.

Can tsakiya kuma ga baƙin,
ƙananan agwagi masu farar gira
da ba sa zuwa sai ɗari ya kama.
Na tambayi dattawa uku sunansu da Hausa,
kowa ya ba ni nasa.

Labbo ya ɓullo da gora da koma,
ƙafa a faffashe, ruwa har gwiwa.
Ya ce, "Malam, mi kaka biɗa?
Shekara bakwai ina ganin ka.
Ba ka harbi, ba ka saye,
sai ƙidayar dukiyar da ba taka ba."

Na miƙa masa madubin.
Ya kara a ido, ya ja baya da sauri,
dinya ta zo masa har hanci.
Muka yi dariya, zalɓe ya ƙara gaba.

Sai ya kwance bakin zanen da ya ɗaura,
ya zaro wani ɗan zobe na ƙarfe
da ko a ƙaramin yatsa ba zai shiga ba.
A ƙafar ɗaya daga baƙin nan ya same shi,
ta mutu cikin ragarsa, ɗari uku da suka wuce.
Lambobi ne, da sunan wani gari
da harshena ya kasa juyawa.
Na ce, "Can ma akwai mai irin haukata.
Ya riƙe ta a tafin hannu, ya sake ta,
wataƙila har yau yana duban hanya."

Labbo ya yi shiru.
Ya ce, "Waɗanga sun ƙetaro hamada da fiffike.
Nomau nau a mota ya bi ta,
shekarar da na tsinci zoben ga.
Su kullum suna dawowa."
Ya sake kara madubin,
ba tafki ya duba ba, arewa ya juya.
Ban ce masa iyakarsa tsallaken ruwa ba.

Wani yaro ya ja igiyar injin ban ruwa.
Tafkin gaba ɗaya ya tashi sama,
fito da kaɗa fiffike, ɗigo na zubo mana,
lissafina ya watse a iska.

Suka kewaya sau biyu, suka sauka nesa,
inda ko madubi sai ya yi ƙoƙari.
Labbo ya ɗaure zobensa, ya hau gorarsa.
Na buɗe littafi, na busa yatsuna,
na sake farawa daga ɗaya.