Makullin Majami'a

Na bar Sakkwato da sanyin safiya,
kyamara a kujerar gefe, ɗaure da bel kamar fasinja.
Bayan Dange na sauka daga kwalta
na bi burji,
inda gero ya fi mota tsawo,
gawo kuwa tsirara a tsakiyar damina,
shi kaɗai ya ƙi sa kore.

Na ɗauki raƙumi yana jan garma.
Na ɗauki wata mai nono, ta juya mini baya,
hoton ya fito zane da ƙwarya da hadari.

Mai faci ne ya ce,
"Akwai wata coci can, ta ƙasa,
bayan giginya uku. Ka biɗi Modi."

Ba ta fi rumbu huɗu girma ba.
Kwanon rufinta ya yi jan tsatsa,
gicciyen goshinta gara ta ci masa hannu ɗaya.
Ƙararrawar wilin mota ce
rataye a reshen dogon yaro,
zanzaro ya yi gini a cikinta.

Modi ya fito daga masallaci, carbi a wuya,
makulli a igiyar fata.
"Mi kaka biɗa?"
Na ce hoto.
"Hoton mi? Babu kowa ciki."

Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.
Ni da na zo da niyyar kutsawa,
na sunkuya na kwance nawa.

Ciki sanyi, da warin jemage.
Bencinan laka shida.
A allo, alli bai gama gogewa ba:
arba'in da ɗaya, ɗari da sha biyu,
lambobin waƙoƙin wata Lahadi
da ba wanda ya san ita ce ta ƙarshe.
Rana ta ɗigo ta hudar kwano
ta kwanta a daɓe kamar faifai.

"Istifanus abokina na," in ji shi.
"Tare munka yi kiwo, tare munka sha kashi
ranar da awaki sunka shiga waken Hakimi.
Mutanenai sun watse,
wasu birni, wasu Zuru, wasu ƙasa.
Da za shi cikawa ya kama hannuna:
Modi, kak ka bari ruwa ya ci ta.
Bana sha ɗaya ke nan ina yaɓe."

Ni ina saurare da kunne guda.
Idona na kan tsagar bangon gabas,
doguwa, mai rassa kamar gulbi a taswira,
irin wadda ke sa a tsaya gaban hoto a yi shiru.
Na ɗaga kyamara.

Ya riƙe mini wuyan hannu.
Tafinsa kaushi, kamar bayan kuka.
"Ba nan ba.
Ɗiyatai Rifkatu za ta gani, ta ce na gaza.
Wanga wuri sai bayan kaka, in na sai da wake."

Ya ja ni yamma,
inda sabon yaɓe bai gama bushewa ba,
sawun yatsunsa jere a laka,
biyar, biyar, biyar,
har inda tsawonsa ya ƙare.
Ya gyara hula. Ya tsaya ƙyam.
Bai yi murmushi ba.
Na ɗauka sau uku.

Lambar wayarta na rubuce
a yagen takardar siminti cikin aljihunsa,
ta yi laushi don ninki.

Sai da na hau kwalta sabis ya dawo.
Na tsaya gefen masu albasa na tura.
Kafin in tayar da mota saƙon murya ya shigo,
hayaniyar yara a bayanta, da ƙarar injin markaɗe.
Ba ta ambaci bango ba,
ko gicciye, ko rufi.
Ta ce, "Baba Modi ya rame.
Don Allah, yana cin abinci kuwa?"