Rariya ta Bakwai

Ƙarfe huɗu a Sheffield, duhu har ya sami wurin zama.
Hita tana tari a gindin taga.
Na dawo daga kantin magani
da warin ruwan sama a rigar sanyi,
ban ko cire safa ba na buɗe kwamfuta.

Jiya na zana ta da fensir,
jarumar wasan nan da muke bi duk Asabar, ni da Nafi'u,
mai guntun takobi,
mai tabo daga gira har kunci.
A teburin girki na ɗauki hoton takardar,
inuwar hannuna ta faɗa ciki ban lura ba.

Rariyar farko ta mai da ita tsohon hoto,
ja-ja, kamar an tono ta daga ƙasan akwatin Baba.
Ta biyu ta ɗura mata shuɗi har cikin ido,
sai ka ce ta kwana a marina.
Ta uku ta farfasa ta gutsi-gutsi
kamar gilashin tagar cocin da nake wucewa da safe.
Na yi dariya ni kaɗai.

Nafi'u ya leƙo da biredi a baki:
"Yaya Barira, sa mata wuta a baya."
Na shimfiɗa wutar a nata hawan daban,
na ja ma'auni, arba'in, saba'in, ɗari,
wuta ta cinye mata kunne.
Na danna warwara. Kunne ya dawo.
Ta biyar da ta shida ba su da labari.

Ta bakwai sunanta gyaran fuska.
Dannawa ɗaya.
Tabo ya tafi.
Fata ta yi fayau, hanci ya sirance,
ga wata mata tana kallona
irin ta jikin kwalin sabulu.
Nafi'u ya daina tauna.
"Wace ce wannan?"

A kan gada ta samo tabon nan, kashi na tara,
daren da kuɗin mita suka ƙare
muka ƙarasa kallo a waya, kai da kai, cikin bargo ɗaya.
Minti arba'in na yi ina zana shi,
ina gogewa, ina sakewa,
har takarda ta kusa hujewa.
Manhaja ba ta hau gadar ba.
Layi ta gani, ta ɗauka hannuna ne ya kuɓuce.

Na duba bayan hannuna na hagu,
inda man suya ya sa mini hannu
a aikina na farko a garin nan.
Shi ma da zai wuce ta rariyar
da dusa za a kira shi.

Warwara.
Ta dawo da fushinta, da girarta mai tsaga.
Na ƙara wa fensirin baƙi kaɗan, shi ke nan.
Na bar inuwar hannun,
na bar zoben da kofin shayi ya yi a kusurwa.

Na adana ta da suna "ta ƙarshe wallahi",
kusa da "ta ƙarshe" da "ta ƙarshe biyu".
Bas ta wuce a ƙasa, taga ta girgiza.
Nafi'u ya haɗiye biredinsa ya ce,
"To amma wutar fa?
Mai da ita. Talatin kawai."