Bakin Kurfi

A Panteka, bayan layin masu zubin tukwane,
inda hayaƙi ke riga rana tashi,
nan rumfar Baba Shekarau take:
fallen kwano uku, benci ɗaya,
da injin juya itace da ya harhaɗa da kansa
daga gawar wani injin famfo.

Kurfinsa ba na kanti ba ne.
Sifirin tsohuwar tifa ne maƙeri ya dake,
ya kwarɓe masa ciki kamar indararo,
shekarar da masaƙar Kakuri ta rufe ƙofa
aka sallame su da takarda da ban haƙuri.
Ya ce a lokacin ƙarfen ya kai kamu guda.
Yau da ƙyar ya cika taƙi.
Na ce, ina sauran?
Ya nuna dutsen wasa da haɓa.

Ranar farko gungumen maɗaci ya ɗaura min.
Na kai baki da zafin nama,
ƙarfe ya cafki itace, itace ya fizge,
akushin ya tashi sama, ya mari rufi,
ya dira gaban teburin mai shayi.
Duk layin dariya.
Shi ko bai ɗaga murya ba.
"Tanimu, ba a shiga gida sai da sallama.
Jingina ƙeyar ƙarfen tukuna, ta ji ɗumin itace,
sannan ka ɗaga ƙota sannu sannu
har bakin ya sami abin ci."

Wata bakwai kafin kunnena ya buɗe.
Mai kaifi ba ya surutu,
zare yake fitarwa, dogo, nannaɗe,
yana sauka a dantse da sanyin ruwan itace.
Dakusasshe gari yake amai,
yana gurnani, yana ƙona hanya,
kai kuma kana dannawa, kana zagin ƙirya
alhali ƙirya ba ta yi maka kome ba.

To, sai dutse.
A mirgina bakin daga kunne zuwa kunne,
tafiya ɗaya, ba tsayawa a tsakiya,
tartsatsi na bin kwarin kamar ƙwarin damina.
A tsoma a gwangwanin tumatir, ya ce cuu.
"In ka ga ya yi shuɗi, ka ɓata masa rai,
ba zai ƙara riƙe maka amana ba."
In an ɗauke wuta, kuma kullum sai an ɗauke,
ya zauna da ɗan dutsen hannu
da ɗigon baƙin mai,
yana shafawa, yana sauraren labaran ƙarfe ɗaya,
ya ɗora bakin a farcen babban yatsa.
In ya zame, da saura.
In ya kama, ya miƙo min ba magana.

Bana hannunsa ya fara rawa.
Ba ya iya bin cikin akushi zuwa gindi,
inda bango ke sirancewa har ka ji shi yana numfashi,
inda 'yar cibiyar nan ta tsakiya
ke jiran yanka ɗaya, mai sauƙi, na ƙarshe.
Ni ke tsaye gaban inji yanzu.
Amma wasa, har gobe nasa ne:
da ƙarfe ya taɓa dutse, rawar ta tsaya.
Ban san dalili ba. Shi ma bai sani ba.

Jiya mai abincin Barnawa ta aiko,
akushi goma sha biyu kafin Asabar.
Muka gama na tara ana kiran magariba,
ƙurar maɗaci ja a gemunsa, ɗaci a harshena.
Ya auna kurfin da yatsunsa,
ya ƙara aunawa,
ya ce, "Wannan zai kai ni."

Na ci gaba da shara.
Ban gaya masa ba
akwai sabon sifirin a ƙarƙashin benci,
na saya tun watan jiya,
na kasa kai wa maƙeri.