Kunamar Saje Jatau

Agogo nake gyarawa, a rumfa ta uku
in ka shigo Fagge ta layin masu wankin hula.
Ban taɓa riƙe abin da ya fi tsinken sukuddireba kaifi ba
sai ran da Nasidi ya zo da ƙunshi a tsohon bargo,
ya waiga hagu, ya waiga dama, ya kwance.

Bindiga ce, gajeruwa, baƙa, mummuna,
kamar bututun famfo da aka yi wa ƙafa.
An ɗura wa bakinta dalma tun ba a haife shi ba,
ga takardar hukuma, ta yi jawur don tsufa.
Ba ta tari, ba ta tofi.
Ya ce, ta Baba ce, tsarabar yaƙin Bama.
Ido ya tafi, kunne saura ƙiris,
yatsa kaɗai ya rage masa.
Kullum bayan la'asar sai ya ja kunamar,
ita kuwa ta cije kamar ƙyauren damina,
in ta tafi ba ta dawowa.

Na ce, ni da daƙiƙa nake hulɗa.
Ya ce, ai ita ma a daƙiƙa take aikinta.

Kwana tara tana ƙarƙashin teburina.
Na bi ta yadda nake bin agogon bango na gidan gado:
kananzir, auduga, tsohon buroshi, haƙuri.
Tsatsa ta zubo ja kamar garin barkono,
maiƙo ya daskare a lungunta kamar ƙaro,
har na tsinci ƙwayar yashi
wadda na rantse ba ta Jakara ba ce.
Ran na tara, ana kiran magariba, na taɓa ta.
Ta tafi sumul, kamar wuƙa a man shanu,
ta dawo, ƙyas,
ƙarar da ta fi ta kowane agogo tsabta.
Na yi alfahari, Allah ya yafe mini.

Muka kai ta Birged, ni da Nasidi.
Tsohon na zaune a buzu, ƙafa miƙe,
kofin shayi ya huce a gefensa.
Ya shafa ta daga gindi zuwa hanci
kamar mai duba goshin jika ko da zazzaɓi.
Ya sa yatsa. Ya ja. Ta dawo.
Ya sake. Ta dawo.
Ya daɗe bai ce komai ba.

Sannan ya ce, wa ya lalata ta?

Ya ce, yaro, ba haka take ba, ko da ƙuruciyarta.
Tauri gare ta, sai ka roƙe ta.
Wani dare a dajin can, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ciyawa ta motsa, na ja,
ta tsaya mini a rabin hanya, gwargwadon numfashi ɗaya,
a numfashin nan na ji an ce, Jatau, ni ne.
Sallau ne, kukunmu, ya je ɗebo ruwa.
Ya haifi goma sha ɗaya a Gwarzo.
Da wannan taushin naka ne, da babu ko ɗaya.
Abin da nake nema ke nan bayan la'asar,
wurin nan da take tsayawa.

Ya miƙo mini ita. Ya ce, mayar.

Na san inda ake sayar da mai, da waya, da gilashi,
na san mai kawo batir daga Sabon Gari.
Ban san mai sayar da tsatsa ba.

Tana nan ƙarƙashin teburin har yau.
Na bar ta ba mai, na bar ta ba murfi,
damina biyu ke nan ina jiran ta cije.
Saje bai jira ba.
Wani lokacin, in kasuwa ta yi shiru,
nakan ja ta a hankali,
in tsaya da kaina a rabin hanya,
in saurara ko wani zai yi magana.