Gulmar Iska

Farfelata tana can bisa dutse, bayan Naraguta,
fikafikai uku na bututun ruwa da na tsaga da zarto.
Zuciyarta injin wanki ne da na tsinto a Dilimi,
na yi dare bakwai ina sake masa naɗi
har yatsuna suka yi kanta.

Shekara biyu ina hawa da sassafe,
mita a aljihu, biro a bayan kunne,
in tambaye ta yadda ta kwana.
Allura ta ɗan motsa, in rubuta, in sauko.
Abin da take yi in na ba da baya kuwa, oho.
Sai gwiwar hagu ta ce ita fa ta gama hawan dutse.

Kachollom, 'yar maƙwabcina mai karatun lantarki,
ta shigo da wasu rediyoyi guda biyu,
kowanne bai kai akwatin ashana ba.
Ba sa waƙa, ba sa labaran duniya.
Ta ce, "Baba Sambo, waɗannan gulma kaɗai suka iya."

Ɗaya muka kulle a robar abinci, a gindin farfela,
ɗaya a tagar ɗakina, kusa da kwalin dalma.
Ta auna eriya ta yanke, tana cije leɓe,
wai ko faɗin farce ya ƙaru, magana za ta karkace.
Ta hau, na zauna ina kallon allo
kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Sai ga layi ya faɗo.
Juyi kaza, wuta kaza, batir da sauran yunwa.
Bayan minti goma wani ya biyo shi,
ya tsallako rufin kwano, da gonakin kabeji,
da tsohon ramin kuza mai koren ruwa,
bai nemi katin waya ba, bai biya kuɗin mota ba.

Wata guda muka tara, ta zana mini shi tudu da kwari.
Ni da na sha rantsuwa a shago
cewa iskar la'asar ce ke ciyar da fitiluna,
sai ga tudun ya miƙe tsakanin biyu da huɗun dare,
lokacin da nake munshari.
Ashe wata ke noma, wata ke karɓar sannu da aiki.

Tabawa ta ce tun da allon nan ya shigo gidan
shayina ke hucewa a gabana.
Ban musa ba.

A Agusta aka yi ruwa da ƙanƙara,
allo ya yi gum.
Kwana ɗaya, kwana biyu, na uku ma shiru.
Kachollom tana jarrabawa.
Na ɗauki sanda, na lallashi gwiwa, muka kama hanya,
muna hutawa a kan kowane falalen dutse.

Na same ta tana juyi abinta, lafiya lau.
Zanzaro ne ya sami kafa a jikin roba,
ya gina ɗakin laka a kan rediyon,
damina ta jiƙa ginin, gulma ta mutu.

Na kankare da tsinke, ƙaramar fitilar ta kyafta.
Ban sauko da wuri ba.
Akwai wani gurnani da take yi in iska ta juyo daga Shere,
da wata 'yar ƙara a fiffike na biyu
da ke neman a ɗaure mata ƙusa,
waɗanda ba su taɓa zuwa mini a layi ba.

Kachollom ta ce a cike gurbin kwana ukun da ƙiyasi.
Na ce a bar shi fari.
Ranar Asabar za ta kawo gam ta toshe kafar,
ni kuma in nemo sifana mai lamba goma.