Kusurwar Da Ta Ƙi Yankuwa

Dare uku ina gaban kwamfuta,
ina zana haƙorin keken ɗinkin Gwaggo.
A allo ya fito tsaf.

Na kai wa Garside a Sheffield,
shagon da ke warin baƙin mai.
Ya ɗaga tabarau, ya dasa farce a takarda:
"Wannan kusurwar, da me zan shige ta?
Bakin injina zagaye yake, yaro."

Na ce lissafi ba ya ƙarya.
Ya ce ƙarfe bai je makaranta ba.

Da guntun fensir ya lanƙwasa layina.
Fam arba'in, ran Alhamis.

Na karɓo shi da ɗumi, kamar sabon ƙwai.
Ga Gwaggo can tana ta taka keke,
ko tambayar wa ya ci gardama ba ta yi ba.